Tsohon allon niyon: wanne za ka saya, wanne za ka bar wa 'yan gwangwan

Kawuna ya fi shekara talatin yana ɗaukar hoto a Fagge. Da tsufa ya zo, wayar hannu kuma ta kashe kasuwar, sai ya rufe shagon aka kwashe kaya zuwa gida. Bara da azumi ina neman tsohuwar fanka a sitonsa na ci karo da allon da ke saman ƙofar shagon a da: akwatin ƙarfe mai tsawon kamar taki biyu, da haruffa biyar na bututun gilashi a jikinsa. Ƙura ta yi masa bargo, zanzaro ya gina ɗakuna a kusurwa.

"Kawu, wannan fa?"

"Bar shi nan, ɗan nan. Mai gwangwan ya taya, na ce sai ya ƙara."

"Ni zan saya."

Ya dube ni ya yi dariya. "Kai da tsohon ƙarfe? To ɗauka, Allah ya sa albarka. Amma ka sani, yana cizo."

Wata shida na yi ina fama da shi kafin ya kama. Tun daga nan, duk abokin da zai buɗe gidan abinci ko shagon aski a Zoo Road ko Nasarawa, yana son rubutu mai haske a bango, sai ya kira ni wai ni ne gwani. Ba gwani ba ne ni, na dai sha wuya ne. Abu ɗaya nake fara gaya wa kowa: idan za ka sayi tsohon allon niyon, gilashin kake saya. Ƙarfe mai walda zai gyara, waya da taransifoma ana canjawa, amma gilashin nan idan ya tafi, sai ka nemo wanda ya iya aikinsa, kuma irinsu sun yi ƙaranci a duk duniya.

Niyon iska ce, 'yar kaɗan ƙwarai a cikin wadda muke shaƙa. William Ramsay da Morris Travers suka gano ta a Landan a 1898, sai wani Bafaranshe, Georges Claude, ya nuna wa jama'a fitilarta a Paris a Disambar 1910. Yadda ake yin allon bai canja sosai ba har yau. A ɗauki bututun gilashi mai kaurin ɗan yatsa, milimita 8 zuwa 15, a gasa shi a wuta, a lanƙwasa da hannu harafi bayan harafi ana hura shi da baki don kada ya lotse. A liƙa ƙarfen karɓar wuta a kowane baki, a zuƙe iskar ciki tas, a ƙone dattin da ya rage da lantarki mai ƙarfi, sannan a zuba niyon kaɗan a toshe. Babu zare a ciki irin na kwan fitila. Iskar ce da kanta take ci.

Niyon zalla launi ɗaya take bayarwa, ja mai ruwan garwashi. Shuɗi daga wata iska ce, agon, da ɗigon zaiba a ciki. Yawancin kore da fari da rawaya da kake gani ma agon ce da zaiba, sai dai an shafe cikin bututun da wata farar hoda mai juya launi. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani wajen ciniki.

Da zarar bututun ya tsage, ko tsagar ba ta kai silin gashi ba, iskar waje ta shiga, ya mutu. Ba a ƙara masa gas kamar firiji ko tukunyar girki. Duk dillalin da ya ce maka "ai gas ne kawai ya ƙare, Alhaji, ɗurawa za a yi," ko dai bai sani ba, ko ya sani.

Wanda yake ci

Shi ne mafi tsada, kuma shi ne ya fi dacewa da wanda bai da lokacin wahala. Amma kada ka yarda da bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp. Je ka da kanka, a kunna a gabanka, a bar shi ya yi ko rabin awa. Allon da ya gaji yakan kama lafiya lau da farko, sai ya ɗauki zafi ya fara ƙyafta ido.

Ka sa a rufe ƙofa ko ka je bayan magariba. Dubi bakin kowane bututu, inda ƙarfen yake. Ɗan baƙi-baƙi a wurin ba komai ba ne, tsufa ne. Idan baƙin ya yi nisa cikin gilashin kamar hayaƙin aci-balbal, kwanansa ya kusa. Dubi hasken: ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Ja da ya koma fari-fari ko ruwan toka, alamar iskar waje ta fara shiga ce. Na zaiba kuwa, idan gefe ɗaya ya yi haske ɗaya ya dushe, sau da yawa zaibar ce ta taru wuri guda, ba mutuwa ba ce. Da sanyin safiyar hunturu ma sukan ɗan yi nawa kafin su cika haske, wannan ɗabi'arsu ce. Sannan ka kasa kunne, ka buɗe hanci. Gunji a hankali na taransifoma ba laifi. Amma tsat-tsat kamar ana soya wani abu, da wani wari mai kaifi, wuta ce take tsallake waya tana neman ƙarfe.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: da yawa daga cikin ƙananan allunan niyon da ke shigowa cikin kayan gwanjo daga Amurka da Turai na tallar giya ne, daga mashaya aka ciro su. Karanta abin da aka rubuta, idan ba ka gane ba ka tambaya. Na san wanda ya rataya ɗaya a shagon sayar da lemo saboda launinsa ya burge shi, sai da wani ɗalibi ya ja shi gefe.

Wanda ba ya ci, amma gilashinsa lafiya

A nan riba take, a nan kuma ake cutar mutane. Irin wannan ne za ka tsinta wurin 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, ko a bayan tsohon kanti a Sabon Gari da ake rushewa, ana sayar da shi a kan nauyin ƙarfe. Sau da yawa taransifomar ce ta ƙone, gilashin bai san an yi ba. Niyon ja da aka yi masa aiki mai kyau yana iya yin shekaru da dama a ajiye, a ba shi wuta ya tashi kamar jiya aka kashe.

Ido kaɗai ba ya isa. Akwai wata 'yar na'urar gwaji mai batir, kamar tocila, da ake kusanta bakinta jikin gilashin. Idan iskar na nan sai wurin ya yi ɗan haske ko ba a haɗa waya ba. Ana samun ta a intanet, kuɗinta bai kai na kuskure ɗaya ba. Gwada kowane bututu daban, domin a jere ake haɗa su kamar carbi: ɗaya ya mutu, duk layin ya yi duhu. Allo mai bututu shida da biyar suke da rai, abin saye ne. Mai shida da biyu suke da rai, ƙarfe ne, ka taya shi a matsayin ƙarfe.

Idan kana da zaɓi tsakanin ja da sauran launuka, ni ja zan ɗauka. Ya fi daɗewa, babu zaiba a cikinsa, kuma idan ya karye mai gyara yana iya sa masa sabon baki, ya zuƙe, ya sake cikawa. Na zaiba masu gyara da yawa ba sa yarda su kai shi wuta, saboda tururinta guba ne. Sabo suke lanƙwasa maka. Bututu garau da ba hoda a ciki, ja ne ko shuɗi. Karkata shi a hankali: in ka ga wani ɗan ƙwallo mai sheƙi kamar azurfa yana gangarawa, zaiba ce. Akwai kuma wanda gilashin kansa ne mai launi, ja wur ko shuɗi ko a kashe yake. Wannan ya fi kowanne daraja, kuma shi ya fi wuyar samun madadi.

Wanda gilashinsa ya farfashe

Kada ka yi saurin wucewa. Tsohon allo mai kyawun rubutu yana da kwarjini ko babu haske. A Las Vegas ta Amurka akwai gidan tarihin allunan niyon da aka kafa a 1996, kuma da yawa daga cikin abin da suka tara ba sa ci. A fili aka jera su da tsatsarsu, da dare a haska su da fitila daga ƙasa, mutane na biyan kuɗi su kalla. Kai ma za ka iya yin haka a bangon falo ko ofis da ƙaramar fitila ɗaya daga sama. Babu taransifoma, babu fargaba, yara na iya wucewa ta gabansa.

Abin dubawa a nan fuskar allon ce. Akwai mai rufin tangaran, irin na kwanukan langa da kwalla da iyayenmu ke jerawa a ɗaki: gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, ba ya koɗewa a rana, ruwa da sabulu sun ishe shi. Inda ya ɓantare yakan yi tsatsa, ka goge a hankali ka shafa ɗan kakin mota, ka bar shi haka. Akwai kuma mai fenti kawai a kan kwano. Shi ne jaraba ke sa mutum ya kai wa mai fentin mota a mayar da shi sabo fil. Kada ka yi. Masu tara irin waɗannan kaya fentin asali suke nema, kuma allon da aka sake fesawa ya zama kamar tsohon da ya rina gemu. Ban da haka, tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, kankare shi a bushe ƙura ce mai cutarwa, musamman ga yara.

Ko sabo, ko na roba

Kusan duk abin da ake tallatawa yanzu a Instagram da sunan niyon ba niyon ba ne. Ƙananan fitilun LED ne a jere cikin bututun roba mai lanƙwasuwa, an manna a kan farantin roba garau. Bolt 12 ko 24 yake sha, ba ya fashewa, ba ya cizo, ba ya cin wuta sosai, kuma masu yin allunan talla a nan cikin gari suna haɗa shi cikin 'yan kwanaki. Ga mai shawarma, mai ɗakin kwalliya, ko amaryar da ke son sunanta a bango ranar kamu, shi zan ce a saya, ba tare da wata-wata ba. Laifinsa biyu: da shekaru robar takan yi rawaya a rana, hasken ya ragu, sannan haskensa gaba kawai yake fita, alhali na gilashi kewaye yake haskawa, har bangon bayansa ya ɗauki launi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban na gaske ba zai rikita su ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar maka da na roba a kuɗin tsoho. Taɓa shi a kashe: gilashi ne mai sanyi da tauri, ko roba mai laushi? Nemi bakunan ƙarfe da wuraren da aka shafe da baƙin fenti tsakanin haruffa, don a na gaske bututu ɗaya kan zagaya harafi fiye da ɗaya, fentin ne ke ɓoye mahaɗar.

Wasu kan ɗauki tsohon akwati su sa masa LED a gurbin gilashi. Babu laifi idan gilashin ya riga ya tafi, muddin ba a huda fuskar da sababbin ramuka ba. Amma cire gilashi mai rai don a sa roba, wannan ɓarna ce.

Sabon na gilashi kuwa sai ka sami mai lanƙwasawa tukuna. Kafin ka biya ko kwabo, ka ga aikinsa da idonka, ka kuma tambaya wa zai ɗauki asara idan ya fashe a hanya.

Maganar taransifoma

Cizon da Kawu ya faɗa daga nan yake. Wutar gidanmu bolt 230 ce; taransifomar niyon tana ɗaga ta zuwa tsakanin 2,000 da 15,000, gwargwadon tsawon gilashin da kaurinsa. Na Turai yawanci ba sa wuce 10,000. Abin da ke gudana kaɗan ne, miliamf 30 a yawancin alluna, wasu 60, amma ya isa ya jefar da ƙato daga kan tsani.

Iri biyu ne. Akwai tsohuwa mai ƙarfe da nadin waya a ciki, an zuba mata kwalta, nauyi kamar bulo, tana gunji. Akwai ta zamani, 'yar ƙarama mara nauyi, shiru, ba ta cin wuta kamar waccan, kuma mai kyau takan kashe kanta idan bututu ya karye. A takarda, ta zamani ce ta fi. A Kano sai an yi tunani. Wutarmu tana zuwa da rauni, ta tafi, ta dawo da ƙarfi, a tada inji, a koma sola, duk a yini ɗaya. Mai kwalta kamar jaki take, tana shanye wannan duka. Ta zamani kamar cajar waya take, bugu ɗaya ya ishe ta. Amma mai kwalta ba ta son zafi, kuma a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, cikin akwatin ƙarfe a jikin bangon yamma tanda ne. Tana kuma yi wa inbata nauyi fiye da yadda girman allon ke nunawa.

Ni dai ga inda na tsaya: ƙaramin allo a cikin ɗaki, ta zamani, a bayan sitabilaiza mai jinkirta kunnawa idan an kawo wuta. Babban allo mai dogon gilashi, mai kwalta, a inuwa, da ramukan shan iska. Idan da inbata za ka kunna, ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta layi, ba mai arha da ke sa fanka kuka ba. Ƙaramin injin nan na shago kuwa, kada ka haɗa su.

Duba farantin da ke jikin taransifomar kafin ka soka fulogi. Idan an rubuta 120V da 60Hz, ta Amurka ce, wutarmu za ta gasa ta nan take. Ko ka sa mata na'urar rage wuta za ta riƙa yin zafi fiye da ƙima, domin tamu 50 take bugawa a daƙiƙa, tasu 60. Canja ta ya fi sauƙi. Kuma ba a sayen taransifoma da ka. Sai an auna tsawon gilashin, da kaurinsa, da irin iskar. Ƙarama ta sa shi ƙyaftawa ita kuma ta ƙone, siririn bututu ya fi mai kauri neman bolt, ja ya fi na zaiba.

Waya ma tata daban ce. Mai gyaran wutar da na fara kira, mutumin kirki ne kuma ya iya wayarin ɗin gida, ya haɗa min da wayar soket ya naɗe da salatif. Muna kunnawa na ga wani shuɗin zare yana tsalle daga wayar zuwa jikin akwatin, ɗakin ya cika da ƙauri. Ana buƙatar waya mai kaurin rufi da ake kira GTO, wadda aka yi don bolt 15,000, gajera iya yadda za ta yiwu, da hulunan roba a kan kowane baki, gilashin kuma ya zauna a kan 'yan ƙafafunsa nesa da ƙarfe. Akwatin a haɗa shi da wayar ƙasa. Idan mai gyaranka bai taɓa jin GTO ba, ba laifinsa ba ne, amma ba aikinsa ba ne.

Ciki ko waje

Ciki. Na san an yi su ne don titi, amma a lokacin akwai mai zuwa ya gyara. Ƙurar hunturu takan kwanta a bakunan, ruwan farko ya jiƙa ta, ta zama hanyar da wuta za ta bi. Iskar damina ta kawo reshe, yaro ya harba ƙwallo, tsaka ta shiga akwati ta gasu. Idan dole sai masu wucewa sun gani, rataya shi ta cikin tagar gilashi.

A ɗaki, ya wuce inda hannun yaro zai kai, nesa da labule. In za ka yi masa gida, farantin roba garau ya fi gilashi rashin nauyi, sai dai ka bar rata sama da ƙasa don zafi ya fita. Bango mai duhu ya fi fito da shi. A kan farin bango hasken watsewa yake. Wajen shara, zare fulogi gaba ɗaya, kashe makunni bai isa ba, ka bi shi da burushin fenti mai laushi, sau ɗaya a mako idan hazo ya sauka. Kada ka dirje baƙin fentin mahaɗa. Idan na zaiba ya fashe, fitar da yara, buɗe tagogi, kada ka sa tsintsiya; tattara da kwali da salatif ka rufe a kwalba.

Ranar da za ka ɗauko shi, kafin a taɓa komai, ɗauki hoto, sannan ka shimfiɗa babbar takarda ka zana kowane harafi daidai girmansa, ka rubuta kaurin bututun. Da wannan zanen mai lanƙwasawa zai yi maka madadi ko yana wata ƙasa. Sai a kwance bututan ɗaya-ɗaya, a sa musu lamba, a naɗe da soson katifa, a ɗauke su daban da akwatin. Ka kuma tambayi mai sayarwa daga ina aka ciro shi, da izinin wa.

Ni ban yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ɗungurungum na ɗora na Kawu a adaidaita sahu, na riƙe shi a cinya, muka faɗa rami ɗaya kafin mu kai gida, na ji ƙas. Harafi na huɗu ne. Yanzu an tsallake shi da guntuwar waya, huɗu suna ci, shi yana zaune a duhu a tsakaninsu, ɓallen kuma yana cikin kwali a saman durowa. Da Kawu ya zo gani ya daɗe a tsaye, jan hasken a kan farar rigarsa, sannan ya nuna gurbin da sandarsa.

"Wannan tun ina shago shi ne mai ba ni wahala," in ji shi. "Kashe, kada ka ƙarar da batirin."